Ciwon Gwiwa na Manya: Wutar Ƙaiƙayi a cikin Gaɓa

   Maganarmu ta yau a kan ciwon gwiwa ce, irin wanda ya kan kama manya, ya hana dattijo durƙusawa a masallaci, ya hana tsohuwa zuwa rijiya. Waɗansu su kan ce da shi sanyin ƙashi, waɗansu amosanin gaɓoɓi. Likitoci kuwa suna kiransa ostiyo'ataraitis.

Ba ƙaramin ciwo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, miliyan 365 daga cikinsu kuwa a gwiwa ya kama su. Cikin kowane mutum 10 masu ciwon, 6 mata ne, kuma wajen 7 sun wuce shekara 55.

In ka tambayi mai ciwon, sai ya ce maka, "Ai tsufa ne, gwiwa ta cinye kamar yadda bakin fartanya ke cinyewa." Da gaskiyarsa, amma rabin gaskiya ce. Fartanya ƙarfe ce, ba ta da rai. Gwiwa kuwa tana da rai, kuma jikin mutum da kansa yana sa hannu cikin ɓarnar da ke aukuwa a cikinta. Wannan shi ne abin da na ke so ku gane yau, domin wanda ya san yadda wuta ke ci, shi ya san yadda za a rage mata ƙarfi.

YADDA AKA GINA GWIWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci a kasuwar Batsari ya ga gaɓar sa ko ta rago in an raba ta. A bakin kowane ƙashi akwai wani abu fari, mai santsi, mai sheƙi. Shi ne guringuntsi. A gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke hana ƙashi gogar ƙashi tun muna rarrafe har mu tsufa. Sa'an nan akwai wata jaka da ta kewaye gaɓar duka. Cikinta shimfiɗe ya ke da wani tantani mai laushi, wanda ke fitar da ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Wannan ruwa shi ne man gaɓa.

To, ku lura da abu biyu game da guringuntsi. Na ɗaya, jini ba ya ratsa shi. Abincinsa daga ruwan gaɓa ya ke samu. In ka taka ƙafa sai ya matse kamar soso, in ka ɗaga sai ya tsotsi ruwa. Watau motsi shi ne cinsa da shansa. Saboda rashin jini ne kuma ba ya warkewa da sauƙi in ya sami rauni. Tun a shekarar 1743 wani likita a Landan, Wiliyam Hanta, ya lura da haka ya rubuta. Na biyu, guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Ashe ke nan ciwon da ku ke ji ba daga gare shi ya ke fitowa ba. Daga tantanin nan ya ke fitowa, da ƙashin da ke ƙarƙashi, da jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar.

DOGARAN JIKI

Allah ya sa wa jikin ɗan Adam masu tsaro, su ne a ke kira garkuwar jiki. Manya daga cikinsu su ne fararen ƙwayoyin jini. Ku ɗauke su kamar dogaran sarki, masu kewaya gari dare da rana.

Ku tuna da ranar da ƙaya ta soke ku a gona, ta karye a ciki. Kafin gari ya waye wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi, yana zogi. Waɗannan alamu huɗu, tun wajen shekara 2,000 da suka wuce wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa su. Su ne alamun kumburi. Abin da ya faru shi ne, naman da ya ji rauni ya yi kururuwa, hanyoyin jini suka buɗe, dogarai suka yi ca a wurin. A shekarar 1882 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Mecinikof, ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku, ya duba da madubin likita, ya ga waɗansu ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Daga nan aka san akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abu da duk mataccen nama. Manyansu a ke kira makrofej, ma'anar sunan kuwa mai babban ci.

Wannan kumburi alheri ne. In ba don shi ba, ƙaya ɗaya ta isa ta kai mutum kushewa. Ƙa'idarsa ita ce ya zo da sauri, ya gama aiki, ya tafi. Kamar wutar kara ya ke, ta tashi bal-bal, ta mutu.

INDA DOGARAI KE KUSKURE

Waɗannan masu babban ci suna nan zaune cikin tantanin gwiwa ko da mutum lafiya lau ya ke, suna share gaɓa. To, in guringuntsi ya fara gajiya, ko don yawan shekaru, ko don nauyi, ko don tsohon rauni, sai ya riƙa zubar da ɓurɓushi cikin ruwan gaɓa. Dogarai su ga ɓurɓushin nan, su ɗauka an yi ɓarna, su busa ƙaho. Ƙahonsu kuwa waɗansu sinadarai ne da su ke fitarwa, likitoci na kiransu saitokin. Da saƙon ya bazu sai tantani ya kumbura, ya yi kauri, ya riƙa zubo da ruwa fiye da kima. Shi ya sa gwiwa ta kan cika ta yi tulu bayan wahalar yini.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Saƙon nan ya kan isa ga 'yan ƙwayoyin da ke zaune cikin guringuntsin kansa, waɗanda aikinsu shi ne gyara shi. Sai su rage gyara, su shiga fitar da waɗansu sinadarai masu narka shi. Guringuntsi ya ƙara zubar da ɓurɓushi, dogarai su ƙara busa ƙaho, ɓarna ta ƙaru. Haka abin zai yi ta kewayawa shekara da shekaru. Sinadaran nan kuma su kan tsokani jijiyoyin jin zafi, har ya zama ɗan abin da bai isa ya dami mutum ba sai ya ji shi kamar sukar mashi. Ƙashin da ke ƙarƙashi shi ma ya taurare, ya yi tsiro a gefe-gefe. A ƙarshe ƙashi ya ga ƙashi, ƙafa ta lanƙwashe kamar baka.

Wannan ba wutar kara ba ce. Wutar ƙaiƙayi ce. Ba harshe, ba ƙara, sai ɗan hayaƙi, amma tana ci ta ƙarƙashi. Shi ya sa aka daɗe ba a lura da ita ba. A shekarar 1957 likitoci biyu a Mancesta ta ƙasar Ingila, Kelgiren da Lorens, suka tsara yadda za a auna girman ciwon da hoton ƙashi, har yau kuwa ana aiki da ma'auninsu. Amma hoton ƙashi ba ya nuna tantani. Sai da aka sami na'urorin da ke nuna nama aka ga cewa tantanin masu wannan ciwo da yawa a kumbure ya ke, wani ma tun kafin ƙashi ya nuna kome. A shekarar 2011 kuma masana a Jami'ar Istanfod ta Amurka suka gwada a jikin ɓeraye, suka ga waɗanda aka raba su da wani sashe na garkuwar jiki gaɓoɓinsu ba su lalace kamar na sauran ba.

Sai dai kada ku ce, to, a kashe dogaran mana a huta. An gwada magunguna masu ƙarfi da ke toshe saƙonnin nan. Sun yi amfani ƙwarai ga wani amosanin dabam, amma ga wannan ba su ba da abin da aka sa rai ba. Har yanzu babu ƙwaya ko allurar da ke mayar da guringuntsin da ya tafi. Duk wanda ya tsaya a kasuwa da lasifika ya ce yana da ita, kuɗinku ya ke so.

ABIN DA KE HURA WUTAR

Na fari, shekaru. Wannan ba mu da iko a kansa. Haka kuma gado, da zama mace, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Na biyu, aikin da ke danne gwiwa kullum. A ƙasarmu ba sai an faɗa ba: yini a tsugune ana cirar rogo ko roron gyaɗa, ɗaukar buhun gero a ka daga gona zuwa gida, ɗaukar ruwa da itace daga nesa, durƙuso wurin niƙa da wanki. Noma kansa ba cuta ba ne. Abin da ke cutarwa shi ne kaya fiye da ƙarfi, da daɗewa a tsugune ba tashi.

Na uku, tsohon rauni. Saurayi ya faɗi daga babur, ko ya gurɗe a kokawa ko ƙwallo, gwiwa ta kumbura, a ɗaure ta kwana uku ya koma aiki. Shi ya manta, gwiwa ba ta manta ba. An lura cewa cikin waɗanda jijiyar cikin gwiwarsu ta tsinke, wajen rabi su kan sami wannan ciwo bayan shekara 10 zuwa 20. Haka kuma karayar da ta shiga cikin gaɓa, in aka ɗora ta a karkace.

Na huɗu, ƙiba. Na san yawancin manoman Darini ba su da wannan damuwa, amma akwai ta ga 'yan kasuwa masu yini a zaune, da ma'aikata, da iyayenmu mata da yawa. Ɓarnar ƙiba iri biyu ce. Ta fari nauyi: kowane kilo 1 da ya ƙaru a jiki, gwiwa tana jinsa kamar kilo 4 a kowane taku. Ta biyu ita ce abin mamaki. Kitse ba ajiya ba ne kawai, shi ma yana fitar da sinadaran da ke zuga dogarai. Ɗaya daga cikinsu, leftin, a shekarar 1994 aka gano shi. Shi ya sa masu ƙiba su kan sami ciwon har a yatsun hannu, alhali ba wanda ke tafiya da hannu. A garin Firamingam na Amurka an bi mata shekaru da yawa ana dubawa, aka ba da labari a 1992 cewa waɗanda suka rage wajen kilo 5, haɗarin kamuwarsu da ciwon gwiwa ya ragu da rabi.

Sanyi fa? Gaskiya ne da hunturu ciwon ya kan fi damun mutane. Amma ba sanyi ne ya shiga ƙashi ya kawo shi ba, ba kuwa sammu ba ne, ba taka wani abu aka yi ba.

YADDA ZA KU GANE SHI

Ya kan zo a hankali, galibi bayan shekara 45. Ciwon ya kan ƙaru da aiki, ya lafa da hutu. Da asuba gwiwa ta kan ƙage, amma kafin rabin sa'a ta sake. In an lanƙwasa ta a kan ji ƙurus-ƙurus. Tashi daga tabarma ya kan yi wuya, haka gangarowa daga tudu.

Amma akwai waɗanda ba shi ba ne, kuma ba su jira. Ku saurara da kyau.

In gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ba ta taɓuwa, ga zazzaɓi, to, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga. Wannan wutar kara ce, cikin 'yan kwanaki ta kan cinye gaɓa. A kai shi asibiti ran nan.

In gaɓoɓin hannu biyu suka kumbura tare, suna ƙagewa fiye da sa'a guda kowace safiya, musamman ga mace mai sauran ƙuruciya, wannan wani amosani ne dabam, rumatoyid, inda garkuwar jiki ke kai wa gaɓa yaƙi gaba da gaba. Yana da maganinsa, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfani.

In yaro ko saurayi mai sikila ya fara ɗingishi yana kukan kwatangwalo, a kai shi a yi hoto. In ciwon gaɓa ko na baya ya zo da rama da zufan dare, a duba tarin fuka, domin ya kan kama ƙashi.

ABIN DA ZA KU YI

Babban magani shi ne wanda mutane suka fi gudu, watau motsi. Mai ciwon gwiwa ya kan ce bari in kwanta in huta mata. In ya daɗe a kwance sai naman cinya ya shanye, gwiwa ta rasa mai tallafe ta, guringuntsi ya rasa abinci, ciwo ya ƙaru. Ga abu uku da kowa zai iya a gida.

Ka kwanta rigingine a tabarma, ka lanƙwasa ƙafa ɗaya, ka miƙe ɗayar sarai, ka ɗaga ta kamar taƙi guda, ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali. Sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma.

Ka zauna a kujera ko benci, ka miƙe tsaye, ka koma ka zauna a hankali, sau 10. In da wuya, ka dafa da hannu tukuna.

Ka yi tafiya a fili mai laushi kowace rana, ko ka hau keke. Ka fara da kaɗan, ka riƙa ƙarawa. Ɗan ciwo lokacin motsi ba laifi ba ne. Amma in gwiwa ta kwana a kumbure, ka rage gobe, kada dai ka bari. Sai an yi makonni kafin a ga amfani. Sannu ba ta hana zuwa.

A gona kuwa, a raba kaya biyu, ko a sa a amalanke ko a jaki. In aikin tsugune ne, a tafi da 'yar kujera, a riƙa miƙewa lokaci lokaci. Ku samari, ku karɓi tulu da buhu daga hannun iyayenku, amma kada ku hana su tafiya da 'yan aikace-aikace. Wanda ke da ƙiba ya rage tuwon dare, da mai, da sukari, da lemon kwalba. Sanda ba abin kunya ba ce, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, watau in gwiwar dama ce ke ciwo, sanda a hagu. Tsumma da ruwan ɗumi ya kan sassauta ƙagewa. Game da salla kuma, malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa wanda ba ya iya durƙuso, sai a tambaye su.

MAGANAR ƘWAYOYI

A nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam suna rage kumburi da zogi, gaskiya ne. A shekarar 1971 wani masani a Landan, Jon Ben, ya gano yadda asfirin da danginsa ke aiki: suna hana jiki yin wani sinadari mai kawo kumburi. To, amma wannan sinadarin shi ne kuma ke kare bangon ciki, shi ke taimakon jini ya ratsa ƙoda. In ka hana shi kullum, gwiwa ta yi sanyi, ciki ya yi gyambo, ƙoda ta gaji. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da mai hawan jini, da mai ciwon suga ko na zuciya, da wanda ya sha su cikin zafin bazara ko da azumi, jiki ba ruwa. Mai juna biyu kada ta sha sai da izinin asibiti. Kada a haɗa iri biyu, kada a sha da yunwa, kada a mai da su abincin kullum. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ƙafafunsa sun kumbura, ya bari nan da nan ya zo asibiti. Ga gwiwa, irin na shafawa ya fi aminci, da shi ya kamata a fara. Farasitamol ƙarfinsa kaɗan ne, shi ma kada a wuce adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa.

Ku guji ƙullin ƙwayoyi da masu talla ke haɗawa, ja da fari da rawaya, ba suna ba takarda. Sau da yawa a kan sami dexamethasone ko prednisolone a ciki. Su kan kwantar da dogaran jiki duka, mutum ya ji garau kwana biyu. In ya daɗe yana sha sai fuska ta kumbura, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, kowace cuta ta sami ƙofa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Wanda ya riga ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, ya zo a rage masa a hankali. Tramadol kuma kama mutum ya ke yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su kafso, ba shi da aiki a nan, tun da ba ƙwayar cuta ce ta kawo ciwon ba.

Allurar cikin gaɓa fa? Tun 1951 likitoci ke yin ta, kuma ta kan ba da sauƙi na 'yan makonni in gwiwa ta cika. Amma a wani gwaji da aka ba da labarinsa a Amurka a 2017, waɗanda aka yi wa ita kowane wata 3 har shekara 2 guringuntsinsu ya fi raguwa, ciwonsu kuwa bai fi na sauran sauƙi ba. Saboda haka ta lokaci lokaci ce, kuma likita kaɗai ke yin ta, a wuri mai tsabta.

Tsaga da sakiya a kan gwiwa, ina roƙonku ku bari. Tsakanin fata da cikin gaɓa ba nisa. In ƙazanta ta shiga, an mai da wutar ƙaiƙayi wutar kara. Aska ɗaya ga mutum da yawa kuma ta kan raba ciwon hanta.

In ciwo ya kai ga hana barci da tafiya, ku fara da asibitin da ke kusa da ku, a Batsari ko Safana ko Dutsin-ma. In ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda a ke aikin sauya gaɓa. Aiki ne mai tsada, hanya kuma da nisa, shi ya sa mu ke so ku tari abin tun yana ƙarami.

To, jama'a, ga abin da za ku riƙe. Ciwon gwiwa na manya ba cinyewa ba ce kawai, akwai kumburi a ɓoye da ke taya ta. Ku motsa gwiwa kullum, ku ƙarfafa cinya, ku rage kaya da ƙiba. Raunin gwiwa na ƙuruciya a kai shi asibiti, a ba shi lokaci ya warke. Kada ku sayar da ƙodarku don ku sayi sauƙin yini ɗaya. Gaɓar da ta kumbura da zazzaɓi kuwa, kada ta kwana a gida.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.